Kwandon kyauta daga wani shago a Sabon Gari

A watan Janairun 2025 uwargida ta yi sati uku tana jinyar mahaifiyata a asibitin Shika, tana kwana kan tabarma cikin sanyin nan mai ratsa ƙashi. Da aka sallamo Inna na rasa bakin da zan gode mata. Wani abokin aikina ne ya ce akwai wata Hajiya a Sabon Garin Zariya, ba nisa da PZ, mai haɗa kwandon kyauta. Na ce bari in je in gane wa idona.

Ranar Talata na je, 11 ga Fabrairu. Shagon ƙarami ne, mutum huɗu suka shiga ya cika, kuma ko'ina ka duba ja ne: balan-balan, ƴan tsana, ledar naɗe kaya. Ɗalibai daga Samaru da Kongo sun yi cincirindo, kowa na son a kai wa wata kaya ranar 14 ga wata, ranar masoya. Ni ma Juma'ar na zaɓa, don ranar nake tashi aiki da wuri, kuma wannan zaɓin ne ya jawo min ɓacin rai daga baya.

Kwandon da ta fara nuna min akwai ƴar tsana, cakulan, jan fure ɗaya, da kati mai hoton jariri mai fukafukai riƙe da kwari da baka. Na ce, "Hajiya, wannan kam a cire." Cupid ke nan, gunkin soyayya na Romawan dā, ba zan kai shi ɗakin matata ba. Maƙwabcina ɗan Wusasa, tsohon malamin makaranta, ya taɓa warware min tarihin ranar muna zaune a ƙofar gida. Valentine limamin Kirista ne da aka kashe a Roma wajen shekara ta 270, zamanin sarki Claudius na biyu, kuma a 496 Paparoma Gelasius ya ware 14 ga Fabrairu don tunawa da shi. Babu zancen saurayi da budurwa a ciki. Sai a ƙarni na 14 mawaƙan Ingila irin su Chaucer suka ce a ranar ce tsuntsaye ke zaɓar abokan zama, daga nan soyayya ta shigo. Kati da kwalin cakulan kuwa ƴan kasuwar ƙarni na 19 ne suka yayata su. Ita kanta cocin Katolika ta cire ranar daga babbar kalandarta a 1969. Na ji huɗubar limaminmu a kan ranar, kuma na yarda da abin da ya faɗa game da shashancin da samari ke yi a cikinta. Amma mu da muka tashi muka ga toshin salla, ba Bature ne ya koya mana yi wa mace kyauta ba.

Hajiya ba ta yi musu ba. Ta ture katin gefe ta ce, "To Malam, ai yara ne ke so. Ita maiɗakin naka me ta fi so?" Wannan tambayar ce ta sa na zauna. Furen ma ita ta hana ni saye: ta ce daga Jos ake kawo mata, kuma a ƙurar hunturun nan ba ya kwana biyu. Mai kaya ta hana ka sayen kayanta, ai ka san da mai gaskiya kake ciniki.

Muka haɗa kwalbar humra, turaren wuta, dambun nama, alkaki da ɗan ƙaramin kek, ta ba ni farin kati na rubuta abin da ke raina da hannuna. Naira 22,000 na biya, da 1,500 kuɗin kai kaya Hanwa. Ta faɗa min ƙiri-ƙiri cewa a wani satin da ya fi haka sauƙi.

Alkakin nan ya cancanci yabo. Da zuma aka yi shi, ba ruwan sukari ba, ka karya shi ya yi ƙaras, cikinsa kuma da laushi da ɗan tsami-tsamin nan na alkamar da aka bari ta kwana. Rabona da irinsa tun garar ƙanwata a cikin birni. Dambun ya daku sosai, ba ya naso a leda, ga citta da yaji daidai. Turaren wutan ba ya komawa ƙaurin sukari idan garwashi ya ci shi, har gari ya waye labule na ƙamshi. Humrar dai ba yabo ba fallasa.

Inda aka gaza shi ne kai kaya. An ce min bayan la'asar. Har aka yi isha'i shiru, na kira wayar shagon sau biyar tana kashe. Ƙarfe tara da ƴan mintuna ɗan acaba ya iso da kwanduna uku ɗaure a bayan babur, namu a ƙasa. Ledar ta yi furu-furu da ƙura, kek ɗin ya manne da murfin kwali, gefe ɗaya ya burme. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba don kuɗin ba, sai don na sa uwargida ta zauna jiran abin da ban gaya mata ko mene ne ba. Laifin shagon ne: sun karɓi aikin da ya fi ƙarfin ɗan acaba ɗaya.

Da sassafe Hajiya ta kira da kanta ta ba da haƙuri, ba ta ɗora wa yaron laifi ba, ranar Lahadi kuma ta aiko da sabon kek ba ta karɓi ko sisi ba. Zan koma, amma ba a tsakiyar Fabrairu ba, kuma da hannuna zan ɗauko kayana.

Uwargida ta karanta katin sau biyu ta sa shi cikin akwatinta. Dambun kuwa ta raba shi biyu, ta kai wa Inna rabin da ya fi yawa.