Titaniyam kabaid ko tangistan kabaid: wane haƙori za ka ɗaura wa injin yankan ƙarfe?

Malam, ka tambayi wane haƙori, wato ɗan guntun bakin yanka, za ka ɗaura wa injinka. Tunda yawancin aikinka yankan ƙarshe ne na sumulce sandunan ƙarfe, ɗauki haƙorin titaniyam kabaid, wanda masu sayarwa ke kira samet.

Shi nake amfani da shi. An taɓa kawo mini shaf na famfon ruwa, ana son mazaunin boris ya fito sumul. Na ɗaura samet, na ƙara wa injin gudu, na rage zurfin yanka. Ɓarɓashin ƙarfen ya riƙa fita shuɗi yana nannaɗewa, fuskar shaf ɗin kuwa ta fito tana ɗaukar ido, ko samfefa ban taɓa ba. Da na duba bakin haƙorin bayan an gama, tsaf yake, babu ƙarfen da ya manne masa.

Sirrin yana cikin hodar titaniyam kabaid da ake yin haƙorin da ita. Baƙa-baƙa ce mai ruwan toka, ana samunta ne idan aka gasa sinadarin titaniyam da kabon a wuta mai tsanani. Ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 3,100 na ma'aunin Selsiyas, ta kuma fi tangistan kabaid tauri. A matse ta da nikel da molibdenam, a sake gasawa, shi ne samet. Injiniyoyin kamfanin Ford a Amurka sun yi fice wajen gyara wannan haɗin a shekarun 1950. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta saurin narkewa cikin ƙarfe idan baki ya ɗau zafi, don haka ɓarɓashi ba ya yi wa saman haƙorin rami. Saboda haka ne ma tun 1969 aka fara shafa ta siririya a kan haƙoran tangistan.

Tangistan kabaid mai kobalt, to, ba laifi, yana jure duka. Idan shaf yana da ramin ki (tsagin da ake cusa ƙarfen kulle fuli), ko ƙarfen zubi ne mai ɓawo, samet zai ɓantare, tangistan kuwa ya wuce lafiya. Ajiye biyu a akwati don irin wannan ranar, shi ke nan.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da 'yan damfara. Duk haƙori mai ruwan zinare sai su ce maka "titaniyam ne". Wannan launin shafen titaniyam naitraid ne kawai a sama, galibi cikinsa tangistan ne. Ɗora su a sikeli: titaniyam kabaid giram 4.9 ne a kowane santimita kubik, tangistan kabaid 15.6, saboda haka samet na gaske nauyinsa wajen rabin ɗan'uwansa na tangistan ne mai girma ɗaya. In kuma hodar kanta za ka saya, nemi takardar gwaji. Kabon ɗinta ya kamata ya kusanci kashi 20 cikin 100, a kuma rubuta yawan iskar oksijin da girman ƙwayar. Wanda ya fara kame-kame a kan takarda, ka bar masa kayansa.