Cutty Sark ta roba ko Victory ta katako: wanne za a fara da shi?

Malam, tsakanin biyun da ka ambata, wato ƙananan samfuran jiragen ruwa da ake haɗawa da hannu, Victory na katako da Cutty Sark na roba, shawarata ita ce ka ɗauki Cutty Sark, kuma ina faɗin haka ne domin dukansu sun shiga hannuna.

Tawa Cutty Sark ɗin ta kamfanin Revell ce, mai ma'aunin 1 bisa 96 (wato ainihin jirgin ya ninka ta sau 96 a tsawo), wadda tsawonta ya kai kusan santimita 90 idan an gama. Ainihin jirgin an ƙera shi a garin Dumbarton na Sikotilan a 1869 domin jigilar ganyen shayi daga ƙasar Sin, sai dai a wannan shekarar ce aka buɗe mashigin Suwez, jiragen tururi suka karɓe cinikin, shi kuma daga baya ya koma ɗaukar gashin tumaki daga Ostireliya. Yanzu yana ajiye a Greenwich, a Landan. Da yake don gudu aka yi shi, jikinsa siriri ne dogo, kuma a samfurin roba an riga an zuba gangar jikin gida biyu, sai ka haɗa da gam. A cikin makon farko za ka ga siffar jirgi a kan teburinka, abin da ke hana sabon shiga karaya ke nan.

Wata bakwai na yi a kansa, kusan kullum bayan sallar isha'i, kuma fiye da rabin lokacin igiyoyi ne suka cinye shi, domin an ce na ainihin jirgin sun kai mil 11. Da na iso kan tsanin igiya da matuƙa ke hawa zuwa saman turaku, wato dogayen ginshiƙan da ke tsaye a kan jirgin, yatsuna suka yi wa ƙulle-ƙullen kauri, sai 'yata ta fari, wadda a lokacin ba ta gama firamare ba, ta karɓi hantsakin ta riƙa ɗaurawa ni kuma ina ɗiga gam da bakin allura. Wani tela maƙwabcina ne ya koya mana mu ja zaren a kan kakin zuma kafin mu ɗaura, don gashinsa ya kwanta kuma kada ya saki. Har yau idan baƙi suka yaba jirgin, ita ce ke tashi ta nuna musu ɓangaren da ta yi.

Victory kuwa ba zan hana ta haƙƙinta ba: jirgin Nelson, kwamandan sojan ruwan Birtaniya, ne a yaƙin Trafalgar na 1805, mai igwa 104 da benen igwa hawa uku, kuma wanda ya iya gama na katako ya mallaki abin alfahari. Ni dai ban gama ba. Kowane sililin katako sai an jiƙa shi, an lanƙwasa shi da zafi, an fere bakinsa kafin ya kwanta a kan haƙarƙarin jirgin, ga goshin Victory mai faɗi wanda ba ya yafe kuskure. Waɗanda na manna da damina suka ja baya da hunturu ya shigo, suka bar tsaga. Shekara huɗu ke nan kwalin yana saman sif.

Ba ka tambayi wannan ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa a intanet. Akwai masu sa hoton jirgin da ƙwararre ya gama, har da fenti da tutoci, su aiko maka da na jabu wanda aka kwaikwaya daga zanen wani kamfani, katakonsa yana karyewa tun a hannu, takardar bayaninsa shafi biyu kacal. Akwai kuma masu sayar da tsohon kwali da sunan sabo alhali an zare wasu sassa, kuma ba za ka gane ba sai ka yi wata uku kana aiki ka nemi sitiyarin jirgin ka rasa. Ka nemi hoton kwalin a buɗe da ledojin ciki a rufe, ka tabbata an rubuta sunan kamfani da ma'auni, kada kuma ka tura kuɗi gaba ɗaya ga wanda ba shi da wurin da za a same shi.

Ka sayi Cutty Sark, ka haɗa da gam ɗin roba mai ruwa-ruwa, da hantsaki, da reza mai kaifi, da samfefa mai laushi, da ƙananan burushin fenti biyu. Tun kafin ka kafa turakun kuma ka sa mai aikin gilashi ya auna maka akwati, domin idan ƙurar hunturu ta shiga tsakanin zaren nan, babu burushin da zai fitar da ita ba tare da ya tsinka wani ba.