Zogale, tafarnuwa ko darbejiya: wanne ya kamata mai kiwon zomaye ya zaɓa?

Tun ranar 1 ga Janairu, 2006 Tarayyar Turai ta haramta zuba antibayotik a abincin dabbobi don sa su saurin girma, saboda ƙwayoyin cuta suna sabawa da maganin har ya daina tasiri a kansu. Mai kiwon zomaye yana da wani dalilin guje wa antibayotik da ya fi wannan kusa da shi. Zomo yana narkar da abinci ne da taimakon ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanjinsa, kuma magunguna irin su penisilin da amoksisilin da linkomaisin, idan aka ba shi ta baki, suna kashe su, sai gudawa ta biyo baya, sau da yawa har ta kai ga mutuwa.

A cikin ganyayen da ake haɗawa da abincin zomo a madadin antibayotik, zogale ne ya fi cancanta a fara da shi. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen ganyensa furotin ne, zomaye suna cinsa ba tare da gardama ba, ga shi kuma da araha. Mai saye ya lura da launi, domin wanda aka shanya a inuwa yana zama kore shar, wanda rana ta ƙona kuwa yakan koɗe. Ya kuma shinshina ko akwai warin fumfuna. Gara a sayi ganyen a daka a gida, tunda gari yana da sauƙin algus.

Tafarnuwa tana da sinadarin da ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, amma dangin albasa ce, kuma yawanta yana lalata jajayen ƙwayoyin jini. Ƙarfin warinta ma yana iya sa zomo ya ƙaurace wa abinci, alhali zomon da ya wuni bai ci ba yana cikin haɗari. Ɗan kaɗan ake barbaɗawa, haka ma citta.

Darbejiya kyauta ce a bakin titi, sai dai ɗacinta yana rage ci, kuma gwaje-gwaje a kan dabbobi sun nuna tana raunana maniyyi. Bai kamata a ba namijin da aka ajiye don barbara ko mace mai ciki ba.

Akwai kuma haɗin kamfani na man ganyayen ƙamshi na oregano da thyme, wanda ya fi tsada, amma an san ma'auninsa. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a kuma tabbatar an ambaci zomo a jikin takardar, domin da yawa don kaji aka yi su.

Duk waɗannan rigakafi ne, kuma ba za su yi amfani ba idan babu isasshiyar harawa da tsaftar keji. Idan 'ya'yan da aka yaye suka fara gudawa da kumburin ciki, likitan dabbobi za a kira, don mai yiwuwa cutar hanji ce da ake kira koksidiyosis, wadda take bukatar maganinta. Kowane sabon haɗi a fara gwada shi a kan zomaye biyu ko uku, ana ƙarawa a hankali har tsawon mako guda.