Rediyon Littafi Mai Tsarki mai caji da rana, ra'ayina bayan na ji annabawa a ciki

Masu tambayata kan ɗan rediyon nan da aka zuba Littafi Mai Tsarki na Hausa a ciki, to ga abin da na gani. Girmansa bai wuce tafin hannu ba, sola ce a bayansa, ka ajiye shi bakin taga da rana ya sha caji, da dare ko an kawo wuta ko ba a kawo ba ba ruwanka. Mama na saya wa saboda idonta baya ganin ƙananan rubutu yanzu, amma nima na maƙale masa.

Muryar mai karatun tas take, baya gudu baya jan magana, kuma inda na fi jin aikinsa wajen annabawa ne. Ishaya sura 10 da kunne daban take gaskiya. Allah na kiran Assuriya sandan fushinsa, mutanen da basu ma san shi ba, su ne suka ci Samariya a 722 kafin haihuwar Almasihu suka kwashe jama'a, a 701 kuma sarkinsu Sennakerib ya zo yana cin garuruwan Yahuza har da Lakish lokacin sarki Hezekiya, amma ba a gama surar ba sai aka juya kan Assuriyar kanta ana tambaya ko gatari zai yi wa mai sara da shi fariya. Nineba, babban birnin Assuriya, ta faɗi a 612, littafin Nahum kaf a kanta yake.

Da muka kai Irmiya 25 inda Allah ya ce da Nebukadnezzar sarkin Babila "bawana" Mama ta danne rediyon ta ce bawan wa? Wanda ya ƙone Haikali a Urushalima? Na ce Mama bari ki ji gaba, shekara 70 aka yanka, bayan nan Babila ma zata sha nata. Habakuk ma tambayar da ya yi kenan, yaya mai tsarkin ido zai yi shiru mugu na haɗiye wanda ya fi shi adalci. Sai ga Sairus na Farisa a Ishaya 45 an kira shi shafaffe, shi ya ci Babila a 539.

To yanzu abin da bai min ba. Babu allo, maɓallai ne kawai, in kana Irmiya 25 kana so ka ji hukuncin Babila a sura 50 da 51 sai ka yi ta dannawa har yatsa ya gaji, in ka zarce ka faɗa littafin Makoki. Kuma ba ko ɗan gabatarwa kafin littafi ya fara, wane sarki ne a lokacin, wace ƙasa ce ke da ƙarfi, shiru. Wannan ya dame ni sosai fa, don akwai mai jin rabin sura ya tafi gaisuwar mutuwa a ƙauyen da aka kai wa hari ya ce ai hukuncin Allah ne, zunubinku ne. Haba jama'a. Annabawan nan aiko su aka yi, kuma sun faɗi laifin da sunansa, Amos ya ce ana sayar da matalauci saboda takalmi, Irmiya kuwa da yake faɗin zuwan Babila cewa yake ina ma idanunsa maɓuɓɓugar hawaye ne. Minti biyu na bayani a gaban kowane littafi da ya rage irin wannan.

Duk da haka ina ba da shawara a saya, musamman wa tsofaffi da waɗanda basu yi karatu ba, sai dai a zauna tare da su wajen annabawan a ji littafi daga fari har ƙarshe. Ku gwada a shago kafin ku biya, ku kai murya ƙarshe ku ji, namu in an ƙure shi yana ɗan kaɗawa, da iyafis ya fi fita.