Zogalen Jiratawa: ganye mai kyau, shanya ce ke rage masa daraja

Mai sayen zogale a kasuwannin Maradi ya san sunan Jiratawa, garin da ke kudu da birni a gundumar Madarunfa, cikin kwarin Gulbin Maradi. Gulbin ba ya gudu sai da damina, don haka da ruwan ƙarƙashin ƙasa ake noman rani a can. Injinan lantarki ke jawo shi daga rijiyoyin burtsatse zuwa magudanai, a filin ban-ruwan da manoma ke gudanarwa ta ƙungiyoyinsu tare da ONAHA, hukumar da ke kula da filayen noman ban-ruwa a Nijar. Shi ya sa ake samun ɗanyen ganye har cikin bazara, lokacin da zogalen da ake shukawa a gidaje ya kaɗe.

Ɗanyen ba shi da abin kushewa. Manoma na datse itacen kada ya yi tsawo, sai ya yi ta fid da sabon toho, a tsinka bayan kamar mako biyu. Ganyen na da taushi, kuma bai kai na tsohon itace ɗaci ba. Tafasa ɗaya ta ishe shi: a zubar da ruwan, a matse, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli, albasa, tattasai da ɗan man gyaɗa.

Busasshen ne ke son ido, kuma a nan aikin mata yake, daga zage ganye har awo da tiya. Wanda aka shanya a inuwa kan tabarma yana fitowa kore shar da ƙamshinsa. Wanda aka baza a rana tsaka kuwa sai ya koɗe ya yi ruwan ƙasa, in a ƙasa aka baza ga yashi. Kafin ka biya, ka tura hannu har gindin buhu ka damƙo, ka murza a tafi. In ka ji tsinke na sukar ka, an cika awo da kara ne. In ya dunƙule bai ruguje ba, bai gama bushewa ba, kuma zai yi fumfuna cikin buhu.

Abin da ya fi damunmu shi ne feshi. Akwai tsutsar da ke cinye ganyen zogale ta bar jijiya kawai, kuma manomin da ya ga amfaninsa na tafiya zai fesa magani. Laifin yana wajen tsinka kafin kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalbar maganin su cika. Ganye mai ɗan huji nan da can ya fi kwantar da hankali, kuma ko wanne ka saya, a wanke shi sau biyu da ruwa mai yawa.

Kuɗinsa na sauka da damina, ya hau da sanyi lokacin da toho ke ja baya, ya ƙara hawa da azumi saboda kwaɗo da dambun buɗa-baki. Mai son ajiya ya sayi busasshe bayan kaka, ya zuba a buhu mai tsabta, ya ɗora kan katako nesa da bango.