Kamfanin da ya yi min rajistar LLC ta gidan haya: aikinsu tsaf, shawararsu sai a hankali

Taurari uku cikin biyar na ba su, kuma biyun da na hana duk a kan maganar yin rajista a jihar Wyoming ne.

Ƙaramin gida na saya a Houston da ke jihar Texas ta Amurka don in sa 'yan haya, na ga gara ya zauna da sunan kamfani irin LLC, wato wanda alhakinsa ba ya hawa kan dukiyar mai shi, ta yadda in wani ya faɗi a matakala ya kai ƙara, abin ya tsaya kan kamfanin, kada ya taɓa gidan da nake kwana da iyali. Sai na nemi ɗaya daga cikin kamfanonin nan na intanet masu cike wa mutum takardun rajista, su kuma zama wakilinsa mai karɓar sammaci da wasiƙun gwamnati.

Kana shiga shafinsu, tambayar farko ita ce jihar da kake so. Kafin ka taɓa komai sun riga sun jero maka Wyoming da Delaware da Nevada a sama da manyan haruffa, Texas kuwa sai ka gangara ƙasa ka lalubo ta. Da na kira, wata mata mai fara'a ta ɗauka, ta shiga yi min wa'azin Wyoming: ita ce jihar da ta fara kafa dokar LLC a 1977, ba ta karɓar harajin kuɗin shiga, ba ta buga sunan mai kamfani kowa ya gani, rajista dala 100, sabuntawa dala 60 a shekara. Duk gaskiya ne, babu ƙarya ko ɗaya. Abin da ba ta faɗa ba, sai da na matsa mata da tambaya, shi ne gidan nawa ba ya tashi ya koma Wyoming.

Kamfanin da aka haifa a wata jiha, in zai riƙa karɓar kuɗin haya a Texas, baƙo ne a idon Texas, kuma sai ya sake rajista a ofishin Sakataren Jiha. Kuɗin wannan rajistar baƙunta dala 750 ne, alhali kafa kamfani ɗan gida dala 300 ne kacal. Ka ga ke nan 100 na Wyoming da 750 na Texas, 850 a maimakon 300, ga wakilai biyu da za ka riƙa biya duk shekara, ɗaya can ɗaya nan. Wa zai ci kuɗin wakili na biyun? Su ne mana. In kuma ka ƙi rajistar ka yi shiru, ranar da ɗan haya ya daina biya ka nufi kotu don a fitar da shi, za a iya ce maka kamfaninka ba shi da hurumin shigar da ƙara sai ya yi rajista ya biya tarar jinkiri. Garin neman gira an rasa ido.

Maganar haraji ma ba ta da tushe a wajena, don Texas ɗin ita ma ba ta karɓar harajin kuɗin shiga daga mutane. Ko da tana karɓa, kuɗin haya jihar da gidan yake ce ke yanka masa haraji, ba jihar da takarda take ba. Delaware kuwa, da harajinta na shekara da shahararriyar kotunta ta rigingimun kamfanoni, ta dace da masu neman jarin manyan attajirai, ba mai gida ɗaya da famfon banɗaki ke yoyo ba. Nevada ita ma da tsada, dala 350 duk shekara. Wani ɗan'uwa da ke Kalifoniya ya fi ni shiga uku, don can ko a Wyoming ka yi rajista, muddin daga gidanka kake juya kamfanin, dala 800 na shekara na nan na jiranka.

Abu ɗaya na yarda Wyoming ta fi Texas da shi, wato rufin asiri. A Texas sunan mai tafiyar da kamfani yana fitowa a takardun da kowa zai iya dubawa. Masu gidaje da yawa kan kafa uwar kamfani a Wyoming, ita kuma ta mallaki ƙananan LLC a jihohin da gidajen suke. Wannan dabara ce ta mai gida goma. Ni da nake zuwa da kaina in canza makulli, wane asiri zan ɓoye wa ɗan haya?

Da na ce Texas nake so, ba su yi musu ba, kuma daga nan aikinsu ba abin kushewa. Takardar kafa kamfani ta iso da wuri, sunan daidai, adireshin daidai. Duk wasiƙar da ta zo musu sai su ɗauki hotonta su turo min a ranar, kuma tun kafin 15 ga Mayu suka fara tuna min da rahoton shekara na ofishin harajin jihar. Sai dai a shafin biya ka buɗe ido, domin akwai akwatunan da suka riga suka danna maka. Ɗaya na lambar haraji ce ta EIN, wadda hukumar harajin Amurka, IRS, ke bayarwa kyauta. Na cire shi, na cire na hatimi da wata jakar fata ta ajiye takardu.

'Yan'uwa na Kano da Maradi da ke tambayata ko za su iya kafa irin wannan daga gida: za ku iya, ba sai kuna da takardar zama ba. Amma LLC da mutum ɗaya ɗan ƙasar waje ya mallaka dole ta miƙa wa IRS fom mai lamba 5472 kowace shekara, tarar rashin yin haka dala 25,000 ce, kuma ban ga inda shafin nan ya ambaci wannan ba. Ku nemi akanta kafin ku biya su ko sisi.