Methotrexate 2.5 mg: tsohon magani mai aiki ga soriyasis, amma sau ɗaya a mako

Ƙwayar ƙarama ce, yawanci rawaya, kuma tun 1972 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince a yi maganin soriyasis mai tsanani, wata cutar fata mai daɗewa, da ita. Har yanzu tana cikin abin da likitocin fata ke fara ɗauka idan man shafawa da gashin haske (haska fata da wani haske na musamman a asibiti) sun gaza, wato lokacin da fata ta yi kauri, ta yi farin ɓawo a gwiwa, gwiwar hannu, kai da baya. Ana ba da ita ga egzima, wata cutar fata mai ƙaiƙayi, mai taurin kai ma. A soriyasis garkuwar jiki ce ke ingiza fata ta riƙa sabunta kanta cikin 'yan kwanaki maimakon kusan wata guda. Maganin yana kwantar da wannan garkuwa, kumburi ya sauka.

Aikinsa na da kyau, sai dai ba ya gaggawa. Mako shida zuwa goma sha biyu ake ɗauka kafin a ga canji sosai, don haka wanda ya ajiye shi a mako na uku bai ba shi dama ba. Sababbin allurai irin su adalimumab sun fi shi share fata, amma ya fi su sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, kuma yana taimaka wa gaɓoɓi idan cutar ta kai can.

Babban aibinsa yana wajen sha. Sau ɗaya ake shan sa a mako, rana guda tsayayya, yawanci daga 7.5 zuwa 25 mg. Mai shan 15 mg zai haɗiye ƙwaya shida a ranar, sannan ya huta kwana shida. Mutane sun saba da maganin kullum, shi ya sa wasu ke kuskuren shan sa kowace rana, kuma wannan kuskure ya sha kashe mutane. Ɓargo ne ke daina ƙera ƙwayoyin jini, baki ya cika da gyambo, zazzaɓi ya biyo baya. Wanda ya sha shi kullum bisa kuskure ya tafi asibiti nan take ko da bai ji komai ba, domin akwai makarinsa, folinic acid, kuma yana fin amfani idan an ba da shi da wuri. Akwai kuma ƙwaya mai 10 mg da ke iya kama da mai 2.5 mg. A ganina bai kamata su haɗu a hannun majinyaci ɗaya ba: a tsaya kan mai 2.5, a sa mai harhaɗa magunguna ya rubuta ranar sha ɓaro-ɓaro a jikin kwali.

Ana haɗa shi da folic acid (wani bitamin ne, ba shi ne folinic acid ba), galibi 5 mg, a wata ranar daban, don rage tashin zuciya da gyambon baki. Idan tashin zuciya ya ƙi lafawa, a sha da dare bayan abinci, ko likita ya mayar da shi allurar ƙarƙashin fata, wadda ciki ya fi jurewa.

Gwajin jini ba abin wasa ba ne a nan. Kafin a fara ana duba yawan ƙwayoyin jini, hanta, ƙoda, da ciwon hanta nau'in B da C. Daga nan a riƙa maimaitawa duk mako ɗaya ko biyu har adadin ya daidaita, sannan duk wata biyu zuwa uku. Ƙoda ce ke fitar da shi, saboda haka tsoho, ko wanda gudawa da amai suka ƙarar masa da ruwan jiki, maganin na iya taruwa a jininsa ko da bai ƙara ƙwaya ko ɗaya ba. Kada a haɗa shi da magungunan kashe ƙwayoyin cuta Septrin ko trimethoprim, domin tare suke danne ɓargo. Ibuprofen da diclofenac sai da sanin likita. Barasa tana ƙara wa hanta nauyi.

Mai juna biyu ko mai shayarwa ba ta sha ko kaɗan, yana zubar da ciki kuma yana nakasa jariri. Mace ta ci gaba da hana ɗaukar ciki har wata shida bayan dainawa. Busasshen tari da sarƙewar numfashi, ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, ko idanu su yi rawaya, kowanne dalili ne na dakatar da ƙwayar a ga likita a ranar. Haka ma idan wanda bai taɓa yin ƙarambau ba ya yi hulɗa da mai ita.

Ga wanda zai iya zuwa gwajin jini a kan kari, ina ba da shawararsa da zuciya ɗaya. Wanda ba zai samu gwajin ba, ya nemi likita ya duba masa wata hanyar.